Mutum a Rumbun Coci

Talata, 13 ga Mayu, da hantsi

Ba a yi ruwa ba. Na ba awaki dusa, na share harabar coci, na duba rumbu.

Hatsin godiyar kaka yana nan yadda muka jera shi, gero a ƙasa, dawa a sama. Na ɗaga jinkar daga gabas, na tokare ta da dutse don iska ta riƙa shiga. Hatsi ba ya bukatar iska haka. Na sani.

Matata Kande ta tambaye ni abin da ya ɓata min riga. Na ce akuya ce ta yanke a waya. Ta dubi awakin, ta dube ni, ta ɗauki rigar ta jiƙa.

Talata, bayan la'asar

Bari in rubuta, tunda ba ni da wanda zan gaya wa. Basiru tela yana cikin rumbun coci.

Jiya ranar kasuwa samari suka fasa shagonsa, suka fito da shi da abokinsa Badaru mai gyaran keke. Kalmar da suke ihu da ita ba zan sa ta a takarda ba. Ita ce dai wadda ake jifan namijin da ke son namiji da ita. Na jiyo hayaniyar daga gona, ban je ba.

Da asubar yau na fito buga ƙararrawa, na same shi a bayan coci cikin karan da muka jingine. Ido ɗaya a rufe, leɓe a fashe, ƙafa ba takalmi. Ya ce, "Malam Barnaba, ruwa kawai, sai in wuce."

Ya wuce ina? Mu nan ba mu da daji. Gona tana jingine da gona, gida yana kallon gida. Daga nan har Bici babu inda mutum zai tsuguna wani bai ce masa sannu ba.

Musulmi ne, ba ɗan cocinmu ba. Shi ya ɗinka mana mayafin bagade da ankon matan zumuntar cocinmu. Ban yi tunanin wannan ba a lokacin, yanzu nake neman dalili. A lokacin tsani kawai na ɗauko.

Rumbun a cikin gidana yake, don ni ne katikis, mai koyarwa da jan addu'a a cocin nan. A gidajenmu, tun kafin iyayenmu su karɓi baftisma, mace ba ta hawa rumbu, baƙo ba ya leƙawa. Ba mai hawa sai ni, har ranar da za a buɗe a raba wa gwauraye mata. Yaranmu suna makarantar kwana, wannan ma sauƙi ne.

Laraba, 14, azahar

Ba ruwa. Na duba rumbu. Cikinsa kamar tanda.

Alhamis, 15, da yamma

An ce Badaru bai kai asibiti ba. An binne shi jiya, masu rakiya ba su cika sahu ɗaya ba.

Da na kai tuwo Basiru ya ɗago, daga can ƙasa ido ɗaya kawai nake gani. Ya ce, "Malam, ba ka ji labarin Badaru ba?"

Na ce ban fita ba.

Ƙarya ta biyu ke nan cikin mako guda. Ni da nake tsayawa gaban mutane ran Lahadi.

Juma'a, 16, bayan an sauko daga masallaci

Sun zo. Ba da ihu ba, da sallama. Duk na san su, wasu tare muke gayya da iyayensu. Na gabansu ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba da ku muke ba. Wani ɗan iska muke nema, an ce nan wajen ya biyo."

Na buɗe musu coci. Suka leƙa ƙarƙashin bencina, suka tsaya nesa da bagade, ɗaya ma ya cire takalmi. Suka shigo gida. Kande ta kawo musu ruwa a kwanon sha. Ɗayansu ya jingina da rumbu yana sha, sandarsa a jingine kusa da shi.

Ya ce, "Rumbun nan naku bana ma akwai rabo? Kakata tana ta lissafi."

Na ce akwai, in Allah ya kawo ruwa.

Bayan sun tafi na zauna a ƙasa. Mu Kiristoci gida goma sha wani abu ne a tsakiyar garin nan. Cocin jinka da langa-langa, ashana ɗaya ta ishe shi. Wa ya ba ni izinin sa kan mutanen nan a faranti? Ba wanda na tambaya.

Asabar, 17, da safe

Na je gindin kukar makaranta inda waya ke kamawa, na kira Fada, limamin cocinmu, a Bici. Na fara kewaye-kewaye, ya katse ni.

"Yana da rai?"

"Yana da rai, Fada."

"Yana cin abinci?"

"Kaɗan."

 Ya ce motar coci tana wajen bakanike, kuma in ya zo ba ranar zuwansa ba, kowa zai tambayi dalili. Sai ranar rabon hatsi, tunda ranar ce yake ɗaukar ragowar buhuna ya kai kasuwar Dawanau. Akwai sistoci, matan coci masu jinya, a birni da za su karɓi Basiru.

Na ce, "Fada, amma abin da ake faɗa a kansa fa? In gaskiya ne?"

Ya ce, "Barnaba, kai alƙali ne? An kawo maka mutum da jini. Ka ba shi ruwa, ka rufe bakinka."

Na dawo ina juya maganar. Shekaru ina koyar da cewa abin nan zunubi ne, haka aka koya min. Ban san me zan yi da wannan koyarwar ba yanzu. Amma na bincika kaina kaf, ban sami inda aka koya min a fasa kan mutum da sanda ba. Ranar rabo kuwa sai an yi ruwan shuka. Sama ko gizo-gizon hadari babu.

Lahadi, 18

Na jagoranci addu'a. Ban san abin da na faɗa ba. Daga tagar coci ana hango jinkar rumbu.

Litinin, 19, da hantsi

Na dawo daga sharar gona na tarar da tsani a jingine, Kande a samansa, ta ɗaure zane tamau, tana zura ƙwarya da igiya.

Na ce, "Kande! Kin hau rumbu!"

Ba ta ko waiwayo ba. "Na hau. Kakanninka su zo su sauke ni."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da akuyarka ta fara cin malmala biyu da miya. Kai katikis ne ko kwasar tuwo ba ka iya ɓoyewa ba. Ruwan bagaruwa ne wannan, ciwon bayansa ya fara wari, kai ba ka ji ba?"

Ban ji ba. Kullum ina hawa, ban ji ba.

Ta leƙa ciki ta ce, "Kai Basiru, ka wanke da kyau. Kuma ankon da ka ɗinka min ya matse ni a hammata, in ka warke za mu yi magana."

Na ji wani sauti daga ciki. Na ɗauka kuka ne, ashe dariya yake, haƙarƙarin ya hana ta fita.

Talata, 20, da yamma

Kande ta gaya masa maganar Badaru. Ta ce mutum ba dabba ba ne da za a ɗaure shi a duhu har da labarin mamacinsa. Ni ina ƙasa ina riƙe da tsani.



Laraba, 21

Ba ruwa. Tuwon jiya ya dawo yadda aka zura shi.

Alhamis, 22, azahar

Na shiga ciki da kaina na zauna a kan dami. Gumi ya jiƙe ni kafin in daidaita zama. A nan mutum yake kwana da yini, sai ɗan lokacin asuba da yake saukowa ya kewaya.

 Ya ce, "Badaru ne yake zura min zare in ido ya gaji. Hannunsa duk baƙin mai, amma sau ɗaya yake zurawa." Can ya ce, "Malam, ka buɗe ka bar ni in fita su ƙarasa. Na gaji da jin numfashina."

Ban san addu'ar da zan yi wa Musulmi a cikin rumbu ba. Na ce ya yi tasa, ni in yi tawa. Ya yi taimama da ƙurar bango, ya yi salla a zaune. Ban san ko gabas ya fuskanta ba, shi ma bai sani ba.

Da zan fita ya tambayi mahaifiyarsa, Inna Huseina. Na ce tana nan. Ban ce masa ba ta ko fita ɗebo ruwa ba, ban ce mata sun daina shiga gidanta ba. Ita a saninta ɗanta ya mutu a wata gona.

Juma'a, 23, da safe

Na yi dabara, kuma ina ganin mai kyau ce. Buhunan da muke rabo da su duk ɓeraye sun huda. Na zura masa su da allura da zare da tsummoki. Ya karɓi allurar ya riƙe ta kamar an miƙa masa jariri.

Da la'asar ya ci tuwo.

Asabar, 24

Ruwa! Tun azahar har yamma. Na ruga na cire dutsen na sauke jinka. Gari duk ƙanshin ƙasa, mata na guɗa, ni kuwa idona yana kan rumbu. Ruwan shuka ya sauka, ke nan za a buɗe rumbu.

Lahadi, 25, bayan addu'a

Dattawa sun sa rana. Talata a fitar da dammuna, matan zumunta su sussuke, Lahadi mai zuwa Fada ya zo a raba. Kuma kamar kowace shekara, Baba Ɗan'auta, shugaban dattawan coci, shi zai fara hawa ya leƙa, ya shaida wa jama'a cewa katikis bai ci amana ba.

Na ce, "Baba, ga ƙafarka, bana ka bari wani ya hau. Ko ni in ƙirgo."

Ya ce, "Kura ta ƙirga awaki? Tun kana tsirara nake hawa tsanin nan."

Aka yi dariya. Na yi tare da su.

Babu inda zan mai da shi. Ɗakunanmu biyu, mata za su cika gidan. Gonaki duk mutane ne suna shuka.

Litinin, 26

Na yi shuka. Layukana sun karkace, har maƙwabcin gona ya yi min tsiya. Na duba rumbu. Na sake dubawa.

Talata, 27, da yamma

Baba Ɗan'auta ya hau, ana riƙe masa tsani, tsakar gida cike da mata da turame. Ya zura kai ciki. Ya daɗe. Har wata ta ce, "Baba, ko barci ya ɗauke ka?"

Ya sauko a hankali. Ya kakkaɓe hannu ya ce, "Hatsi ya cika. Amma bangon ciki ya tsage, kada kowa ya shiga sai Barnaba, shi ya san inda zai taka."

Na shiga. Basiru ne ya riƙa miƙo min dammuna daga ƙasa, ni ina jefawa waje. Duk damin da ya fita, shi yana ƙara nutsewa, har ya zama ba abin da ya rage tsakaninsa da sama sai ni.

Da mata suka watse Baba ya ja ni bayan garken awaki. 

"Kai mahaukaci ne? Ka san abin da ubana ya sha kafin a bar mu mu kafa cocin nan? Saboda tela? Telan ma irin wannan?"

Na ce, "Baba, me zan yi? In fito da shi?"

"Ni na ce ka fito da shi?" Ya yi tsaki, ya tofar da goro. "Ya dube ni, Barnaba. Da bai dube ni ba."

Ya tafi ba sallama. Kafin magariba jikarsa ta kawo ƙullin garin magani da zuma a kwalba, wai na ciwon bayana ne.

Laraba, 28

Sussuka. Ƙarar taɓarya tun safe. Shi yana ciki a kan ƙasa tsura, ba dami ko ɗaya.

Alhamis, 29, bayan la'asar

Dabarar tawa ta kusa kashe mu.

Kande ta shanya buhunan a kan danga. Zulaihatu maƙwabciyarmu ta shigo aron rariya, wadda ƙaninta yana cikin masu sandunan nan. Ta tsaya a gaban danga, ta ɗaga buhu ɗaya tana shafa facin.

"Maman yara, wa ya yi muku wannan aiki?"

Sai a lokacin na duba da idon mutane. Faci ne a buhun hatsi, amma an naɗe bakinsa, ɗinkin ƙanana a jere kamar haƙoran masara, kowace kusurwa da ɗan kullin nan da yake yi a wuyan riga. Rabin garin nan suna yawo da kullin nan a wuyansu.

Kande ta ce, "Ni mana."

"Ke? Ke da kike kai maɓalli wajen tela?"

"Tsofaffin buhuna ne, tun na bara. Na ɗan ƙara ne a kai."

Zulaihatu ta ajiye buhun. Ta dubi Kande, ta dubi ƙasa. Rumbun ne kawai ba ta duba ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta ce, "Rana ta yi, ki kwashe shanyarki." Ta tafi ba rariyar.

Ban san me take nufi ba. Ban san ko za ta faɗa ba.

Kande ta kwashe buhunan ta shige ɗaki da reza. Ta farke aikin mako guda, ta mayar da irin nata ɗinkin, manya-manya kamar taku. Ba ta ko dube ni ba. Da ta zage ni da ya fi.

Juma'a, 30

Ba wanda ya zo. Duk sallamar da aka yi sai in waiwayi rumbu.

Asabar, 31

Ba wanda ya zo. Na sami buhu ɗaya a ƙarƙashin tabarmar Kande, ba a farke shi ba. Na tambaya, ta ce in je in duba awakina.

Lahadi, 1 ga Yuni, da yamma

Zan rubuta a jere.

Fada ya iso da hantsi a buɗaɗɗiyar motar coci. Jama'a suka shiga coci addu'ar Mas, ƙofar gidana a rufe. Ni da Kande muka sauko da Basiru. Ya manta yadda ake miƙewa. Muka sa shi a babban buhun gyaɗa, muka cusa ƙaiƙayi a gefe don ya yi siffar hatsi, na huda wajen hanci. Kande ta ɗauki basilla ta fara ɗinke bakin.

Daga ciki ya ce, "Inna Kande, wannan ɗinkin ko kaza ta tsattsage shi."

Ta ce, "Rufe min baki, hatsi ba ya magana." Hawaye na zuba a kan hannunta.

Bayan Mas aka yi rabo a harabar coci. Gwaurayen garin duka, namu da Musulmi, kowace da buhunta, za ta juye a gida ta dawo mana da shi kamar yadda aka saba. Samari suka taya loda ragowar a mota, har da wanda ya jingina da rumbu ranar nan, ya rako kakarsa.

Buhun ƙarshe ni da Fada da Baba Ɗan'auta muka ɗauko daga gida. Saurayin nan da ya jingina da rumbu ya taho da gudu. "Baba, kawo in kama maka, ai ka tsufa da wannan."

Baba ya ce, "Ubanka ne ya tsufa. Sakar min. Wannan alkawari na yi wa Ubangiji zan ɗauka da hannuna."

Aka yi dariya, ya ja baya. Muka ɗora shi a sama, kusa da kan mota. Zulaihatu tana bakin dangarta tana kallo, hannu a ƙugu.

Inna Huseina ce ta zo ƙarshe, ta bi ta gefen gona don kada ta ratsa mutane. Ba wadda ta matsa ta ba ta wuri. Kande ta shiga gida ta fito da rabonta daban, cikin buhun nan da ba a farke ba, ta ɗora mata a ka. Tsakaninta da motar bai fi tsawon tabarma ba. Fada ya tayar, suka hau hanyar Bici. Ita ta juya ta nufi gida.

Na so in kira ta. Amma akwai mutane.

Litinin, 2

Waya ba ta shiga. Na je gindin kuka na dawo, na je na dawo.

Talata, 3, da hantsi

Waya ta shiga. Fada ya ce an tsayar da su a hanya, aka soki buhu biyu na ƙasa, aka ce su wuce. Basiru ya isa. Sistoci sun kira likita, haƙarƙari biyu ne suka karye. Wai Basiru ya ce in gaya wa Kande ɗinkinta ya farke tun kafin Dawanau.

Na zauna a gindin kukar ban san tsawon lokacin ba. Har yanzu ban san amsar tambayar da na yi wa Fada ba. Badaru yana cikin ƙasa, waɗanda suka sa shi suna gaishe ni a hanya, ina amsawa.

Laraba, 4, bayan la'asar

Mata sun dawo da buhuna. Inna Huseina ta zo hannu wofi, ta tsaya a bakin zaure, ta ƙi zama.

Ta ce, "Malam, buhunku ba zai dawo ba."

Na ce, "Ba komai, Inna."

Ta gyara mayafi. Ta dubi hanya, hagu da dama. Ta rage murya.

"Zaren sabo ne."

"Sabo ne, Inna."

"Hannun bai karye ba ke nan."

"Bai karye ba. Yana inda ake ba shi magani."

Ta dafa bango. Na ɗauka faɗuwa za ta yi, Kande ta taho, ta ɗaga mata hannu. Ba ta tambayi ko ina ne ba, ni ma ban faɗa ba. Ta ce, "Allah ya rufa muku asiri," ta bi ta gefen gona.

Alhamis, 5, da safe

An yi ruwa. Gero ya tsiro, layukan a karkace. Na ba awaki dusa, na share harabar coci, na duba rumbu.

Ba kowa, sai allura a soke a bango. Na bar ta. Na share cikin, na sa tabarma da tulu a gefe, na ɗaga jinkar daga gabas na mayar da dutsen.